Wuƙa Mai Jar Ƙota

Bashir, tun kana ƙarami kake tambayata abin da ya sa marigayi Baffanku Isuhu yake ce maka takwara alhali ba sunanku ɗaya ba, ni kuma ina ce maka wasa ne irin na manya. To ba wasa ba ne. Na kuma san akwai masu raɗa maku a wajen biki cewa wai ubanku ya taɓa sukar mutum da wuƙa a Ƙofar Marusa aka rufe maganar. Na san bakin da abin yake fitowa, ba zan kama suna ba don yanzu ta tsufa. Maganar takwara da maganar wuƙa magana ɗaya ce, kuma gara ku ji ta daga bakina tun ina da sauran numfashi.

A shekarar da mamarku take ɗauke da cikin Bashir, sana'ata kai burodi shaguna a kan babur. Da an sallame sallar asuba nake ɗaure akwati a baya, in fita daga Ƙofar Guga, in ratsa ta Ƙofar 'Yandaka, in ɓulle Ƙofar Marusa kafin masu shayi su fara tsaki. Shekarar ce ƙauraye suka addabi gari, samarin nan 'yan shaye-shaye da ke tare mutum a lungu su ƙwace waya ko babur. Wata safiya, gari ya waye sarai, biyu daga cikinsu suka tare ni. Suka karɓe waya, ɗayan kuma don mugunta kawai ya ja mani wuƙa a dantse, tabon da kuke gani ke nan. Abin da ya fi yankan yi mani ciwo, akwai wani magidanci tsaye a ƙofar gidansa yana asuwaki, muka haɗa ido da shi, ya juya ya shige ya rufo ƙofa. Daga ranar nan na daina yarda da kowa a hanya. In mutum ya tsaida ni zai sayi burodi, hannunsa nake kallo kafin fuskarsa.

Da ciwon ya kame na je wajen Yaya Isuhu. Ku da kuka san shi da tsufa ba ku san matsayinsa gare ni ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mani aure, kuma tun cikin Bashir yana ƙarami na yi mashi alkawari in namiji ne sunansa za a sa. A lokacin yana cikin dattawan da ke kula da 'yan sintirin unguwa. Na ce mashi zan sayi wuƙar aljihu.

"Kai? Da wannan zuciyar taka?" in ji shi. "Mutumin da ke zagin akuya don ta tsallaka mashi hanya?"

"To Yaya, in tsaya a yanka ni kamar ragon layya?"

"Ni dai ban ba ka shawara ba. In ka saya, ka tuna na faɗa."

Na saya mana. Washegari da hantsi na shiga babbar kasuwa, layin 'yan koli, wajen wani mai sayar da wuƙaƙe da almakashi da kwaɗo. Na yi sallama, muka gaisa doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina kasuwa, ina iyali, amma duk tsawon gaisuwar nan yana auna ni ina auna shi. Ya tambaye ni ta yankan albasa nake so ko ta fiɗa. Na ce ta aljihu. Sai ya dubi dama ya dubi hagu, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani ƙunshin tsumma ya kwance. Wallahi da na ga abin da ke ciki abin da ya fara zo mani a rai shi ne, wace ce a cikin 'yan uwan waɗannan ta tsaga mani hannu, kuma ba wannan bawan Allah ne ya miƙa ta ba?

Ya fara miƙo mani mai kube, doguwa, irin ta ɗaurawa a ƙugu. Na ce a'a, mai hawa babur in ya zauna riga tana tattarewa, ɗan sanda na farko da zai tsaida ni zai gan ta. Ya miƙo wata baƙa mai maɓalli, ya danna, ta yi tsalle ta buɗe da kanta, ƙas! Ya ce ita aka fi saye. Na ce su wa suka fi sayenta? Ya kau da kai. Na ajiye ta, don duk wanda aka samu da irinta ba a tambayarsa sana'arsa. Wata kuma sako-sako ce, da ka girgiza ta take buɗewa, na ce wannan in na faɗa rami da babur cinyata za ta fara ci. Wata in ka buɗe ba ta tsayawa, da ka danna tsininta a katako sai ta ninko ta nufi yatsunka. Haka na yi ta juya su ina gwadawa a gefen teburinsa har ya fara hura hanci. Can ƙasa na ga wata mai jar ƙota, tsawonta a ninke bai wuce tafin hannu ba. Da farce ake jawo ta, tana da tauri, in ta buɗe sai ta kulle, ba ta komawa sai ka danna bayanta. Na sa ta a aljihu na zauna a kan bencinsa, na tashi, na sake zama, ba ta nuna ba, ba ta motsa ba. Akwai irinta a ƙunshin, jajaye kamarta, amma ita ta fi tauri, ita na ɗauka. Yana naɗe mani ita ya ce:

"Malam, halan a wace unguwa kake?"

"Unguwa kake sayarwa ko wuƙa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, ƙanen Malam Isuhu. A gaida mutanen Ƙofar Guga."

Na fito kasuwar nan ina waiwaye. Mamarku kuwa ban gaya mata ba, mai tsohon ciki ba a ƙara mata fargaba. In na dawo gida sai in ɗora wuƙar a saman katangar madafa, bayan wata tsohuwar ƙwarya da ba a amfani da ita, inda hannun yara ba ya kaiwa. Da asuba in miƙa hannu in ɗauka. Yaya Isuhu kaɗai na nuna wa, ya juya ta a hannunsa ya mayar mani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani. Muna da wani abokin sana'a, Ɗanlami, wanda ya fara riga ni zuwa shagunan da na daɗe ina kai wa, yana sauke nasa burodin. Na yi magana sau da dama bai ji ba. Ran nan a gidan burodi, gaban kowa, na ce mashi wallahi in ya sake shiga layina sai ya gane kurensa. Kun san bakina. Na faɗa na manta, amma waɗanda suka ji ba su manta ba.

Sai Allah ya sauki mamarku lafiya, aka samu ɗa namiji. A ranar Iya, kakarku ta wajen uwa, ta iso daga ƙauye don wankan jego. Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya ba za ku gane ba. Tun da na auri mamarku ban taɓa haɗa ido da Iya ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaida ta kaina a ƙasa, ta amsa tana kallon bango. Ba ta kama sunana, ba na kama nata. Da ta shigo gidan, ɗakin mamarku ya zama nata, ni na koma kwana a zaure. Jaririn ma sau ɗaya aka miƙo mani shi na yi mashi huɗuba, aka mayar. Washegari da asuba na miƙa hannu bayan ƙwarya, babu ƙwarya, babu wuƙa. Na laluba katangar nan daga wannan kai zuwa wancan, na duba ƙasa, na duba aljihuna duka. Na fita aiki a hakan, raina yana ta saƙe-saƙe.

Ba a daɗe ba labari ya zo an soki Ɗanlami a wani lungu a Ƙofar Marusa da sassafe, an tafi da babur ɗinsa, yana asibiti bai san inda kansa yake ba. A cikin kwata kusa da wajen aka tsinci wuƙa mai ninkewa, mai jar ƙota. Kafin azahar aka aiko mai unguwa yana kirana. Na tarar da shi a zaurensa, ga shugaban 'yan sintiri, ga Yaya Isuhu a gefe yana kallon tabarma. Aka kwance leda aka nuna mani wuƙar, jini ya bushe a jikinta.

"Ka san wannan?" in ji mai unguwa.

"Na san irinta, ranka ya daɗe. Amma ba tawa ba ce."

"Madalla. To ɗauko taka mu gani, magana ta ƙare."

Na ce ta ɓata. Ai sai shugaban 'yan sintiri ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda har yau in na tuna sai na ji jinina ya tafasa. Ya lissafa mani: na yi wa mutum barazana a gaban jama'a, ina bin wannan lungun a daidai wannan lokacin, mai wuƙaƙe ya ce na sayi ja, ga ja a kwata, tawa kuma ta ɓata. Ni kaina da wani aka lissafa wa haka da na ce shi ne. Mai unguwa ya ce saboda darajar Malam Isuhu da darajar jaririn da ke kwance ba za a tozarta ni kafin suna ba. Amma ranar suna, da an shafa fatiha, ko in kawo wuƙata ko a miƙa ni ga hukuma.

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Kowa na zargina, ni ma ina zargin kowa. Na ce maƙwabcinmu da katangarsa ke haɗe da madafarmu shi ya miƙo hannu. Na ce mai kawo ruwa ne. Na ce mai wuƙaƙen nan da ƙauraye bakinsu ɗaya, shi ya turo a sace don a rataya mani. Har Yaya Isuhu sai da na saka a lissafi, na ce ko shi ya ɗauke ta don ya raba ni da ita, yanzu kuma kunya ta hana shi faɗa. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu sai ya ɗan matsa. Masu shaguna suka fara cewa yau suna da sauran na jiya. Cikin gida kuwa mamarku da Iya ba su san ana yi ba. Mata 'yan barka sun sani sarai, amma ba a kai wa mai jego mugun labari kada nono ya ɗauke, Iya kuma kunnenta da nauyi, kuma wace ce za ta zauna gabanta ta yi zancen surukinta? Sau ɗaya na daure na durƙusa bakin labule na ce:

"Ko an ga wani ɗan abu nawa a kan katangar madafa?"

"Wane irin abu, Malam?" in ji mamarku daga ciki.

Ɗakin cike yake da mata, na ji duk sun yi tsit suna jira. In ce wuƙa? Kafin la'asar an kai Ƙofar Marusa cewa yana neman wuƙarsa yana kuka. Na ce ba komai, na tashi. Har kasuwa na koma da niyyar in sayi wata ja in ce ita ce. Ina shiga layin mai wuƙaƙen ya ɗago ya hango ni, ya yi murmushi, na juya ban ƙarasa ba. Da na saya, da kafin in iso gida labari ya riga ni.

Ana gobe suna da la'asar Yaya Isuhu ya kira ni bayan masallaci. Na ɗauka wata dabara ya samo. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce:

"Tsakaninka da Allah, in kai ne ka gaya mani. Zuciya ce, na san ta tun kana yaro. Zan san yadda zan yi da dangin Ɗanlami."

"Yaya, ni kake tambaya?"

"Kai nake tambaya."

"Wallahi tallahi ban taɓa shi ba."

Na rantse mashi, ina kallon idonsa, na ga rantsuwar ba ta shiga ba. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, gobe kada a sa wa yaron sunansa. Ya ce shi ne ke tura yaran mutane hannun hukuma a unguwar nan, ba zai yiwu a kira sunansa da safe a gidan da za a fitar da mai gidan kafin azahar ba. Yaran nan, an yanke ni a hannu ban yi kuka ba, an kira ni mai suka a gaban mai unguwa ban yi kuka ba, amma ranar nan sai da na shiga bayan zaure na yi hawaye. Mutumin da ya yi mani wanka ina yaro ya yarda zan iya sukar mutum in rantse da Allah a kai.

Da safe jama'a suka taru, kuma sun taru fiye da yadda na zata, don wasu ba suna suka zo ba, kallo suka zo. Aka raba goro da dabino. Yaya Isuhu ya zauna can ƙarshen tabarma, shugaban 'yan sintiri yana tsaye jikin bishiyar dalbejiya da mutanensa. Liman ya karkato kunne ya ce wane suna. Na ce Muhammadu Bashir. Ya dube ni, don ya san alkawarin, na sake faɗa. Aka yi addu'a, aka shafa, aka sanar, aka yanka rago. Na ga mutane suna satar kallon Yaya Isuhu. Mai unguwa ya ce a bari wanzami ya gama aski tukuna, sannan mu tafi.

Wanzam Audu shi ne namiji kaɗai da ke shiga har ɗakin mai jego a ranar, kuma kun san wanzami, babu zancen unguwa da ba ya cikin zabirarsa. Bai daɗe da shiga ba muka ji hayaniya daga cikin gida, muryar Iya a sama, abin da ban taɓa ji ba.

"Ajiye mani! Ajiye mani na ce! Wa ya taɓa raba jariri da ƙarfe kafin arba'in?"

Sai ga wanzam ya faɗo zaure da gudu, aska a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wuƙata, a ninke, jar ƙotarta tana sheƙi. Iya ta biyo shi har bakin ƙofar ciki ta tsaya bayan labule tana haki. Ashe da ta iso ranar haihuwa ta nemi wuƙar da za ta sa a ƙarƙashin matashin jariri, yadda ake yi don tsari daga iskoki. Ta madafa guda ɗaya ce kuma ana girki da ita. Tana neman ƙwaryar dama kunun kanwa ta jawo tsohuwar ƙwaryar nan, wuƙa ta faɗo, ta ce Allah ya kawo. Mamarku kuwa ta ɗauka daga ƙauye Iya ta zo da ita. Wanzam yana ɗaga jariri zai yi aski ya gan ta, ya gane ita ake nema. Mai unguwa ya ɗaga murya ya tambaye ta tun yaushe wuƙar take wajen. Ta ce tun ranar da aka yanke cibi, ko motsa ta ba a yi ba. Mata daga ciki suka ɗauka gaba ɗaya, kowace tana cewa ta gan ta da ta ɗauki yaron, su da suka san komai suka yi ta kallonta ba wadda ta kawo a ranta wuƙar jariri ce ake nema. Da aka fahimtar da Iya tawa ce, ko a nan ba ta yi mani magana kai tsaye ba.

"Ku ce da mai gidan nan ya iya zaɓe," in ji ta. "Wannan mai hankali ce, bakinta a rufe, ba ta yankar yaro. Amma a maido mani abata."

Aka mayar mata. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati, shugaban 'yan sintiri ya zo ya ba ni hannu na ba shi yatsu biyu. Daga baya Ɗanlami ya farfaɗo ya ce samari ne suka tare shi saboda babur, amma wannan bai dame ni ba, don wanda nake so ya yarda da ni ya riga ya zaɓi ya jira wuƙa ta wanke ni. Da jama'a suka watse Yaya Isuhu bai tashi ba. Ya ce a kawo mashi yaron. Aka kawo ka, Bashir, kanka sabon aski, ya karɓe ka, ya daɗe yana kallonka, sannan ya ce:

"Takwara."

"Yaya, ba sunansa ke nan ba. Kai ka hana."

"Na sani," in ji shi.

Bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba. Muka ci gaba da zumunci, ana cin tuwo tare, ana zuwa jana'iza tare. Amma duk lokacin da ya ce takwara sai in ce Bashir, a gabansa, da ƙarfi, shi kuma bai fasa ba. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, yana faɗa ina gyarawa. Wuƙar kuwa bayan arba'in Iya ta aiko mani da ita a cikin faifai, na ci gaba da fita da ita, kuma har na bar sana'ar Allah bai sa na buɗe ta a kan mutum ba. Ita ce mamarku take kai wa gidajenku in an haihu.

A ciwonsa na ƙarshe, Bashir, ka tuna ranar da na ɗauko ka daga makaranta muka je. Idonsa ya riga ya daina gani sosai. Ya ji motsinmu a bakin ƙofa, ya juyo da kai, ya ce wa ke nan, ko takwara ne? Ka dube ni kana jira in gyara kamar kullum. Na kama hannunka na sa a cikin nasa, na ce, Yaya, ga takwaranka nan.